Kartar Baba

Idon Baba ya tafi a shekarar da na fara koyarwa a firamare a Malumfashi. Bai damu da gona ba, yayyena sun riƙe ta, waƙoƙin coci kuwa duk suna kansa. Abin da ya ci masa rai shi ne karta. Shekara da shekaru, da la'asar ta yi, shi da abokansa uku sukan baje tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu su yi ta bugawa, ba caca ba, sai tsiya da dariya. Da ya makance sai ya koma gefe yana sauraron wasan wasu.

Wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa, wanda yakan tsaya kallo in ya taso aiki, shi ya dawo da shi tabarma. Ba wanda ya roƙe shi. Ya karɓi sabuwar karta ya tafi da ita, bayan kwana uku ya kawo. Kowane kati ya yi masa ɗigo-ɗigo da bakin allura a kusurwa, yadda yatsa zai ji amma ido ba zai gani ta baya ba. Cikin mako guda Baba ya haddace su. Ranar da ya fara cin wasa, har cikin gida muka jiyo shi yana cewa makaho ya kayar da masu ido uku, su je su nemi magani.

Matsalar ita ce ɗigon ba ya daɗewa. Gumi da shafa sukan kwantar da shi cikin wata biyu ko uku, sai mu sayi sabuwa mu kai, ya yi mana. Kusan shekara huɗu yana yi. Ko kazar da Inna ta aika masa sai da ya maido. Mun saba har muka manta cewa mutum ne yake zama ya sunkuya a kan kati hamsin da wani abu, ɗaya bayan ɗaya.

Sai wata kaka, lokacin kasuwar auduga, na kai masa karta ya ce in dawo jibi. Jibi ya ce mako mai zuwa. Haka muka yi ta yi har aka gama shigar da dawa rumbu. Kullum na dawo gida Baba yakan juyo da kunnensa wajen ƙofa, in ce masa aiki ne ya yi wa mutumin yawa, ya ce ai gaskiya ne, a bi shi a hankali. Tsohuwar kartar kuwa ta yi sumul kamar bayan cokali.

Ranar da haƙurina ya ƙare na tsaya wa mai agogon a shago na ce ya faɗa mini gaskiya. Bai ko ɗago daga agogon da yake kwancewa ba.

"Malama, na gaji ne. Ai ba sayar muku nake yi ba."

Gaskiyarsa ce. Ba mu da hakkin komai a kansa. Amma har yau ina jin haushinsa, ina kuma jin kunyar haushin. Ba dainawar ce ta ɓata mini rai ba. Da tun farko ya zo gindin bishiyar ya ce da Baba wannan ce ta ƙarshe, da ya zaunar da ni yini ɗaya ya nuna mini yadda yake riƙe allurar, da mun yi masa godiya mun san inda muka dosa. Na roƙe shi ya koya mini, ya ce in dawo wani lokaci. Na riga na san ma'anar wannan.

Sai na ɗauki allurar ɗinkin Inna na yi da kaina. Baba yana faɗa mini ɗigo nawa, ina hudawa. Ya shafa ya ce ya yi daidai. Abin da ba zai iya gani ba shi ne hannuna ya yi nauyi: kowane huji ya fito ta baya. Duk wanda ke zaune gabansa yana karanta katinsa sarai.

Abokansa suka ɓoye masa. Mutanen kirki ne, kirkin nasu kuma shi ya ƙarasa ɓata abin. Ba sa son su cuce shi, sai suka riƙa sakar masa wasa. Ina kallonsu daga zaure suna haɗa ido, suna ajiye katin da bai kamata ba. Na so in hana su, amma in ce su yi me?

Kwana goma aka yi haka. Ran nan Baba ya shigo tun rana ba ta faɗi ba, ya zauna a bakin ɗakinsa, ya kira ni ya miƙo mini kartar.

"Shekara talatin ina wasa da mutanen nan," in ji shi, "ban taɓa cin su sau biyar a jere ba. Ajiye ta, 'yata. Kin yi ƙoƙari."

Na sa ta a ƙasan akwatina. Washegari da la'asar abokansa suka baje tabarma suka aiko a kira shi, ya ce a gaya musu yana hutawa.