Goron da Iya Ta Cire

Ina gida wankan jego aka zo neman kakata. Haihuwata ta fari ce, aka ɗauko ni daga gidan mijina aka kawo ni gidanmu na Kwarbai, aka sauke ni a ɗakin Iya, uwar mahaifina. Mahaifiyata ta ce ita ba za ta iya watsa mini ruwan zafi tana kallon idona ba. Iya kuwa ba ta san wannan tausayin ba. Safe da yamma take tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta bi jikina da shi, in na yi ƙara ta ce ai ba ita ta aike ni ba. In na fito ina huci ta miƙo mini kunun kanwa, ta zauna tana gogar goronta a jikin ɗan gwangwanin da aka huhhuda mata, don haƙoran sun riga sun yi sallama.

Iya zabiya ce. Kafin a haife ni, da wuya a yi bikin da ya amsa sunansa a cikin birnin Zariya ba a kira ta da 'yan amshinta da ƙoransu ba. Mata zalla take yi wa waƙa, a tsakar gida, maza na zaure suna jin amon ƙwarya ta saman katanga suna yi kamar ba su ji. Ban taɓa ganin wannan zamanin ba. Ni dai na tashi na tarar da babbar ƙwarya a kife ƙarƙashin gadonta, da tsohuwa mai faɗa wadda in tana tankaɗe bakinta yakan motsa ba sauti.

Baba ne ya kai ta Makka, kuma tun kafin ta hau jirgi kowa ya san waƙa za a ajiye in ta dawo. Baba ma'aikaci ne a sakatariya, mutum mai guga da agogo, ba ya ɗaga murya. Yana yaro 'yan ajinsu suna kiransa ɗan zabiya, suna buga masa tebur in ya shigo. Ya girma, ya yi gemu, ya aurar da 'ya'ya, amma wannan suna bai daina yi masa ciwo ba. Ina son Baba, kuma har gobe ina yi masa addu'a, amma a kan wannan magana raina bai taɓa daina ɓaci ba.

Iya tana da ƙa'idarta ta aiki, kuma duk wata tsohuwa a birni ta san ta. Ba ta amsa gayyata a aiken farko. In an kawo goron biki, sai ta kawo uzuri, ta ce murya ta dishe ko ƙafa na ciwo, ta mayar da goron. Amma kafin ta ɗaure ƙullin, in tana da niyyar zuwa, sai ta zaɓi guda ɗaya ta cire. Masu biki na kwancewa su ga an taɓa, sun san an ce musu su sake aikowa ke nan, kuma su aiko babba. In ɗan aike na biyu ya zo, sai ta ɗauko goron nan ta ɓare shi, ta ba shi ɓari ta ci ɓari, magana ta ƙare. In kuwa ƙulli ya koma yadda ya zo, to a nemi wata. Ta ce mini wadda take tashi da kira ɗaya, da kira ɗaya ake sallamarta.

Ranar da suka zo, da hantsi ne, Baba bai fita ba saboda Asabar ce. Yara suka shigo da gudu suna cewa ga farar fijo a bakin lungu ta kasa shigowa. Maza biyu ne daga wani ofishin al'adu a Kaduna, ɗaya rataye da kyamara, ɗaya riƙe da rikoda. Baba ya shimfiɗa musu tabarma a zaure. Can ya shigo da ƙullin goro a hannu, ya tsuguna a bakin ƙofar Iya, ya yi bayani idonsa a ƙasa. Gwamnati za ta buɗe wani zaure na tunawa da manyan makaɗa da mawaƙan jiha. Za a rataye hotunansu, a ajiye kayan kiɗansu, a riƙa sa muryoyinsu ga duk wanda ya shiga. A cikin mata an sa Iya. Suna son hotonta, da waƙa ko ɗaya ce a kaset, da ƙwarya guda.

Ina zaune a gado da jaririya, na ga yadda fuskar Iya ta yi. Ba ta yi murmushi ba, amma sai da ta gyara ɗaurin kallabinta.

"Ka ce musu na gode," in ji ta. "Ni tsohuwa ce, na tuba, murya ta tafi. Su nemi yara."

Ta jawo ƙullin ta kwance, ta juya goron da yatsa, ta zaɓi wani fari ƙato ta sa a gefen cinyarta, sannan ta ɗaure ta miƙa masa. Baba ya gani. Na ga ya gani, don sai da idonsa ya tsaya a kan goron kafin ya miƙe. Shi da ya tashi a ɗakin nan, ya fi kowa sanin ma'anarsa. Ya koma zaure, muka ji ana sallama, muka ji tashin mota.

Tun daga yammacin ranar ɗakin ya canza. Iya ta naɗe goron a ɗanyen ganye da jiƙaƙƙen tsumma ta tura shi gindin randa inda ya fi sanyi. Ta jawo ƙwaryar nan daga ƙarƙashin gado, ta ga ta tsage a baki, ta sa aka kira gyartai ya ɗinke ta, tana tsaye a kansa tana yi masa faɗa kada ya ja zaren da ƙarfi. Ta aika Ƙofar Doka aka kira mata wata tsohuwa, ita kaɗai ta rage a birni cikin 'yan amshinta. Ta zo da sanda, ido ɗaya ya yi yana. Suka yi ta zagin juna da tsufa har suka gaji, sannan aka cika kwano da ruwa aka kifa ƙaramar ƙwarya a kai.

Sai Baba ya tafi ofis suke farawa. A nan na fara jin muryar kakata. Na ɗauka zan ji abin tausayi, irin na tsofaffi. Baiti na farko ya fito da kaushi, ta yi tari, ta sha ruwa, ta sake ɗauka, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Matan gida suka bar girki suka zo bakin ƙofa. Mahaifiyata, da ban taɓa ganin ta yi rawa ba, na kama ta tana kaɗa kafaɗa da muciya a hannu. 'Yata kuwa barcinta take yi, kamar da kiɗan aka haife ta. Iya ta ce wannan tata ce, mu sauran duk 'ya'yan ofis ne.

Ta sa lalle. Ta ciro wani zanen saƙi daga ƙasan akwati ta shanya ya sha iska. Ta yi ta tambayata ko mai hoto yakan bari mutum ya riƙe abu a hannu, don ita ba za a ɗauke ta hannu sake kamar mai jiran sadaka ba. Kullum da safe, kafin ta ɗora ruwan wankana, sai ta yayyafa wa tsumman goron ruwa.

Na yi arba'in na koma ɗakina, ba wanda ya dawo. Duk Juma'a in na zo gaida su, kafin in ajiye mayafi take tambayata ko na ga farar mota a bakin lungu. Da abin ya ishe ni, na sami Baba a zaure na tambaye shi me ya gaya wa mutanen. Ya ce abin da ta ce ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Gaskiya ce kuwa, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai. Mutanen baƙi ne, samari, ba su san birni ba, ƙila ma goron a mota suka raba shi ba su kwance a gabansa ba. Kalma ɗaya ce ta rage ya faɗa musu, ya haɗiye ta.

Mijina ya je Kaduna wata sabga, na roƙe shi ya leƙa ofishin. Aka ce masa an riga an kammala, tsohuwar ai ta ƙi. Na zo na gaya wa Iya, na ce ko mu ɗauke ta mu je da kanmu. Ta harare ni ta ce ita ba ta kai kanta, ba ta yi da ƙuruciya ba ba za ta fara da furfura ba. Ta ce gwamnati dama jinkiri gare ta, amma ba a aiko mata goro sau ɗaya a yi shiru. Lallen hannunta ya goge, ta sake sawa. Tsohuwar Ƙofar Doka ta kwanta ciwo ta daina zuwa, kafin damina ta fita aka yi jana'izarta.

A rediyo muka ji buɗe zauren, wata Juma'a bayan la'asar. Ina ɗakin. Aka yi jawabai, sannan aka shiga kiran sunaye, ana sa ɗan guntun waƙar kowa. Makaɗan fada, masu kukuma, masu kalangu. Iya tana gyaɗa kai, wani ta ce ya cancanta, wani ta ce dama ya fi iya roƙo da waƙa. Aka zo kan mata. Cikinsu har da wata da ta fara da ɗaukar wa Iya ƙore a kai zuwa gidajen biki, aka sa muryarta tana rera wani baiti da na ji Iya ta yi a ɗakin nan. Iya ta saurara har aka gama, aka yi addu'a, aka shiga sanarwar taki da ta rigakafi, tana nan kunnenta a jikin rediyon. Sai da aka fara labarai ta kashe.

Ta ce a kira mata Baba. Ya zo ya tsuguna inda ya tsuguna wancan karon. Ta miƙa hannu gindin randa ta jawo ƙullin. Ganyen ya bushe, goron ya yi ja ya motse, duk ruwan da ta yi ta zuba masa bai hana ba. Ta sa farce ta kasa ɓarewa, na miƙa hannu zan taimaka ta ture ni. Da bakin wuƙa ta raba shi. Ta miƙa wa Baba ɓari ɗaya.

"Karɓi," ta ce. "Kai ne ɗan aiken. In ka gan su, ka ce na amsa."

Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu, ya rufe. Ta ɗauki nata ɓarin ta goga a gwangwani, ta zuba garin a baki, ta daɗe tana mamula. Na tashi na fita bayan ɗaki na yi kukana, don na san in ta ga hawayena zagina za ta yi.

Ba ta ƙara taɓa ƙwaryar ba. Ta rayu kusan shekara biyu bayan wannan, tana faɗanta, tana wasa da 'yata, amma bakin nan da yake motsi in tana tankaɗe ya daina. Ba mu da muryarta a kaset ko ɗaya. Rikoda ta zo har zaurenmu, katanga ɗaya ce tsakaninta da Iya, ta koma yadda ta zo. Yanzu in 'yata ta tambaye ni yadda muryar take, sai in fara in kasa, don ni ban iya ba.

Bayan rasuwar Iya, mahaifiyata ta gaya mini cewa duk rigar da Baba zai ba da wanki, sai ya laluba aljihu ya ciro ɓarin goron nan ya mayar da shi cikin wadda zai sa. Haka ya yi ta yawo da shi, ofis da masallaci, har ya yi ritaya. Ya sha zuwa Kaduna a kan aiki, yana wucewa ta ƙofar zauren, amma bai taɓa shiga ba.