Wa Ya Koma Ya Duba Gwaggo?

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a unguwar Soron Ɗinki ta yi rayuwarta kaf. Alkaki da dubulan take yi wa masu biki, kuma tun daga bakin lungu za ka san ta ɗora kasko. Ni kuwa a lokacin ina aiki da wata ƙungiyar kiwon lafiya, a sashen bin diddigin ayyuka. Wai aikina shi ne in gano ko abin da muke yi yana amfanar jama'a. A gaskiya ƙirga kawuna kawai nake yi in tura sama.

Wata shekara muka fito da shirin awon hawan jini a unguwannin cikin gari. Sai a kafa rumfa a ƙofar gidan mai unguwa, a baza tabarmi, tsofaffi su zo a ɗaura musu abin awo a dantse. Wanda jininsa ya hau, a ba shi maganin 'yan makonni, a ce in ya ƙare ya je ƙaramin asibitin unguwa. Gwaggo na cikin waɗanda suka fara zuwa, aka tarar jininta ya hau sosai. Aka miƙa mata ƙwayoyi, mai hoto ya ce ta yi murmushi, ta yi. Hoton nan har bangon ofishinmu aka manna shi.

A tsakanin nan aka tura mu bita a wani otal, a kan yadda ake auna tasirin shiri. Aka ci shinkafa da kaza, aka raba jakunkuna da takardun shaida. Ni dai abu ɗaya ya zauna mini a kai: yawan waɗanda aka auna ba ya nuna wa ya sami sauƙi. Da na dawo sai na shiga wurin shugabanmu, wani likita mai fara'a da taushin murya.

Na ce, "Yallaɓai, ina so mu koma gidajen waɗanda muka auna, mu ga ko suna shan maganin, ko jinin ya sauka."

Ya ce, "Malama, wa ya tambaye mu wannan?"

Na ce babu.

"To ki bari sai an tambaya. Motar ma tana wani aikin."

Na sake tayar da maganar a taron ma'aikata, aka ce za a duba. Ba a duba ba.

Wata safiya matar ɗan Gwaggo ta kira ni tana kuka. Gwaggo na tsakiyar suya matsamin ya suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace, ta zame daga kan kujera. Allah ne ya tsare ba ta faɗa cikin mai ba. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. A nan surukar ta ba ni labarin da Gwaggo ba ta taɓa ba ni ba, don kullum na tambaye ta cewa take yi, "Lafiya lau, 'yar nan, ina shan abina." Ashe da maganin ya ƙare ta je asibitin unguwa, aka ce babu, ta dawo wani makon. Ta koma, babu. Tun da ciwon kan da ke damunta a da ya tafi, sai ta ɗauka ta warke. Ba wanda ya gaya mata a rumfar nan cewa wannan magani ba a daina shi.

Ban sake roƙon mota ba. Na ari abin awo wurin wata ƙawata nas, na riƙa shiga lunguna da ƙafata ranakun Asabar da Lahadi, daga Soron Ɗinki har Ƙofar Mata. Ina sallama a soro, a yi mini iso. Wani dattijo marini, hannuwansa shuɗi da baba, ya ce shi ya ɗauka kamar maganin zazzaɓi ne, a sha a gama. Wata Hajiya ta ce ƙwayar tana sa ta yawan fitsari, alwala ba ta zama, ba ta kuma san wa za ta tambaya ba, sai ta ajiye. A wani gida kuwa gaisuwar rasuwa na yi. Mafi yawan waɗanda na auna, jininsu na nan inda muka bar shi.

Na rubuta abin da na gani, na kawo taro. Ina magana, kowa na kallon wayarsa. Da na gama shugaban ya gyara zama.

"Malama, mun ji abin da ya sami gwaggonki, Allah ya ba ta lafiya. Amma kin ga abin ya taɓa ki, shi ya sa rahoton ya yi zafi."

Na ce, "Yallaɓai, a cire Gwaggo. Sauran fa?"

"Masu ba mu tallafi za su zo wata mai zuwa. Kina so a rufe shirin? Kina so mutanen nan su rasa aikinsu?" Ya nuna abokan aikina da bakin biro.

"Ina so a gyara shi. A sa magani a asibitocin, a riƙa komawa gidaje."

"Ki cire kalmar gazawa, ki sa ƙalubale. Sauran kuma mu bar shi a cikin gida."

Na ce ba zan canza ko harafi ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba wanda ya ce na yi ƙarya. Duk sun yarda gaskiya ce, ba sa dai so a ji. Bayan an tashi wata abokiyar aikina ta ja ni gefe ta ce, "Wallahi kin yi daidai, amma kin san ina da yara."

Baƙin suka zo, aka kunna musu majigi, aka nuna cincirindon tsofaffi a ƙarƙashin rumfa, suka tafa. Ni an tura ni sito ranar, wai in duba kayan da suka iso. Daga nan kuma sito ya zama wurin aikina. Shirin aka faɗaɗa shi zuwa wasu unguwannin, ba a canza komai ba.

Gwaggo ta dawo gida. Tana tafiya da sanda tana jan ƙafa, hannun dama kuwa bai dawo ba. Surukarta ce ke suyar yanzu, ita tana zaune tana yi mata gyara da harshen da ba kowa ke ganewa ba.

Bayan fiye da shekara, masu tallafin suka turo nasu mutanen. Suka shiga lungunan da na shiga, suka ji abin da na ji. Sai ga shugaban da kansa a ƙofar sito, yana murmushi.

"Malama, rahoton nan naki yana nan? Muna so mu nuna musu cewa mu ma mun daɗe da gano matsalar."

Na ba shi, don na san ta haka ne magani zai isa asibitocin, kuma daga baya ya isa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin fitar da mu kunya."

Ban ce amin ba. Na juya na ci gaba da jera kwalaye.