Rayuwar Orisiya Zaruba, Mai Hoton da Ta Daina Ɗaukar Fuska

Haihuwa da asali

An haifi Orisiya Demiyaniwna ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1953 a ƙauyen Lozuwatka da ke lardin Poltawa a ƙasar Yukren, ita ce ta uku kuma auta a gidan Demiyan Kolodiy, mai kiwon zuma a gonar gwamnati, da matarsa Yawdoka. An rubuta wannan tarihi ne bisa wasiyyarta, wadda a ciki ta gindaya sharaɗin cewa kada a ɓoye laifinta, domin ta san halinmu na wanke mamaci fiye da yadda ruwa ya wanke shi.

Mahaifiyarta ta shahara da naɗa 'yartsana irin ta kakanni, wadda ake yi da tsumma da zare ba tare da allura ba, kuma ba a yi mata ido ko baki, sai dai a gicciya zare a inda fuska take. Tana shekara bakwai Orisiya ta ɗauki alƙalamin yayanta ta zana wa ɗaya ido da murmushi. Yawdoka ta karɓe ta jefa a murhu, ta ce, "Ke dai ba kya jin magana. Abin da ba shi da fuska, mugun ido ba ya gane gidansu." Yarinyar ta ɗauki wannan a matsayin camfin tsofaffi, kuma ta yi shekara sittin da biyu tana ba da labarin a wurin biki ana dariya.

Karatu da sana'a

Bayan kammala makarantar ƙauye a 1970, ta tafi birnin Poltawa inda ta koyi ɗaukar hoto da wanke shi na tsawon shekara biyu, sannan ta dawo aka ba ta ɗaki ɗaya a bayan gidan waya. Daga wannan ɗaki ne hoton kusan kowane ɗan Lozuwatka ya fito, na takardar shaida da na aure da wanda ake mannawa a dutsen kabari. Ta ƙware ƙwarewar da babu mai musu, ta kuma san ta ƙware, don haka ba a gyara mata zama. Takan ce da mai jin kunyar kyamara, "Ɗago kai mana, fuskar ta aro ce?"

Aure da iyali

A kakar 1975 ta auri Zenowiy Zaruba, makanike a masana'antar sukari, mutum mai haƙuri wanda ya rasu a 2009. Sun haifi 'ya'ya biyu. A 1984 aminiyarta tun ƙuruciya, Ustina Bilokin, ta haifi 'ya mace bayan shekara tara tana nema, aka sa mata suna Solomiya, kuma Orisiya ce ta riƙe jaririyar a coci ta zama uwar baftismarta. Solomiya ta girma ta zama malamar makaranta, aiki ya kai ta wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar.

Aikin raga

Lokacin da sojojin Rasha suka shigo a watan Fabrairu na 2022, garin da Solomiya take ya faɗa hannunsu cikin mako guda. Matan Lozuwatka kuwa suka taru a zauren motsa jiki na makaranta, suka kafa katakai, suka shiga saƙa ragar da sojojinmu ke lulluɓe motoci da ramuka da ita. Mace biyu ke tsayawa a kowace raga, ɗaya ta nan ɗaya ta can, suna miƙa wa juna tsummokin da aka rina da ɓawon albasa da na gyaɗar kurmi. Ustina ce ta farfaɗo da al'adar Yawdoka, duk ragar da aka gama sai ta ɗaura mata ƙaramar 'yartsana marar fuska a kusurwa, domin ta tsare wanda zai kwana a ƙarƙashinta.

Orisiya ba ta saƙa ba, ta ce hannunta na kyamara ne. Matan suka yarda ta ɗauki hoto domin a samu masu aiko da yadi, bisa sharaɗi ɗaya, wanda Ustina ta faɗa a gaban kowa.

"Ki ɗauki hannu, ki ɗauki ƙeya, amma ban da fuska. Kin san inda 'yarki take."

"Haba Ustina, wa zai ba da ko sisi don ƙeyarki? Ai ko mijinki bai aure ki don ita ba."

Aka yi dariya, Ustina ma ta dara, 'yartsana na hannunta, hasken taga ya sauka a kumatunta, sai Orisiya ta danna kyamara. Masana sun ce a duk rayuwarta ba ta taɓa ɗaukar hoto kamarsa ba. Kwana uku tana dubansa, a na huɗu son yabo ya rinjayi amana, ta aika wa wata jarida, ta kuma rubuta a ƙasansa da hannunta cikakken sunan Ustina da ƙauyenta, da cewa tana jiran 'yarta malama da ke kudu.

Wajibi ne marubucin wannan tarihi ya faɗi cewa ba ita kaɗai ce mai alhaki ba. Hoton ya zagaya ƙasa, yadi ya zo mota-mota, mu kuma muka riƙa tura shi daga waya zuwa waya muna alfahari, babu wanda ya tuna sharaɗin sai Ustina. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wani tsuntsu daban ruwan ya doka. Ranar 14 ga Yuni sojojin mamaya suka shiga gidan Solomiya da hoton a hannu, suka tambaye ta ko ta san wannan tsohuwa, suka tafi da ita. Maƙwabciyarta ce ta bugo waya bayan kwana shida.

Shekarun nadama

Orisiya ta yi wata biyu ba ta fito ko ƙofar gida ba. Da ta fito, zauren ta nufa, ta tsaya a bakin ƙofa kanta a sunkuye kamar wadda aka kama da kaza a hammata. Ta fara magana, Ustina ta katse ta ba tare da ta juyo ba.

"Orisiya Demiyaniwna, ba a saƙa raga da baki. Ga can babu kowa a wancan gefen."

Ba ta taɓa kiranta da sunan uba ba sai ranar, kuma wannan girmamawa ta fi mari zafi. Tun daga lokacin Orisiya ta tsaya a ɗaya gefen ragar Ustina, shekara biyu da wata uku, tana karɓar tsumma daga hannun wadda ba ta ɗaga ido ta dube ta. Ta rubuta takardu sama da ɗari zuwa hukumomin neman waɗanda aka tsare. Ta ci gaba da ɗaukar hoto idan an buƙata, amma hannu kawai da ƙeya da 'yartsana, har wani ɗan jarida daga birni ya yaba wa abin da ya kira sabon salonta. Ta ce masa, "Ɗana, ba salo ba ne, kunya ce."

Rasuwa da jana'iza

Ta rasu ranar 21 ga Nuwamba na 2024 sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara saba'in da ɗaya, aka binne ta bayan kwana biyu kusa da mijinta a maƙabartar Lozuwatka. Bisa wasiyyarta ba a manna hoto a dutsen kabarinta ba, kuma nata ne kaɗai babu fuska a layin da duk ita ta ɗauki hotunansa. Ustina ta zo a ƙarshen jama'a, ta ɗaura 'yartsana a gicciyen da ke kan kabarin kamar yadda take yi wa raga, ba ta yi kuka ba.

Kafin a kammala wannan rubutu an kai wa Ustina saƙo na ƙarshe da ke cikin wasiyyar, domin marigayiyar ta ce ba ta da ikon zartar da shi sai da izininta. Ustina ta karanta sau biyu, ta naɗe takardar, ta ce, "Ku rubuta. 'Yarta ce ai."

Orisiya Zaruba ta rasu ta bar ɗanta Nazar, direban jirgin ƙasa, da 'yarta Yarina, ma'aikaciyar jinya, da jikoki uku, da kuma 'yar baftismarta Solomiya Bilokin, malamar makaranta, wadda har ranar rubuta wannan tarihi ba a ji ɗuriyarta ba, wadda kuma uwayenta biyu suka ce a lissafa ta cikin masu rai.