Ƙwayar da na hana Baba sha

Shekarun baya, lokacin da kwanon gero ya gagari talaka, na kusa kashe mahaifina, wai ni ga mai taimako.

A ƙauyenmu da ke bayan Zakirai "Likita" ake ce min, don kawai na taɓa zaman kemis ɗin wani a Gezawa na wata huɗu. Ni kuma na hau na zauna.

Baba na fama da ciwon ƙirji, asibiti suka ɗora shi kan wata 'yar ƙwaya kullum. Ciwon ya lafa, sai dai yana ƙorafin kasala. Ga gayyar noman gonarmu ta matso, shi kuwa ba ya yarda a yi masa noma yana zaune a inuwa. Na kama tsintsiyar hannunsa, na ji bugun na tafiya a hankali kamar jakin da ya gaji. Na ce, "Baba, maganin nan kashe maka zuciya yake. Ajiye shi." Ya ce, "To, Likita."

Ranar gayya makaɗa suka saki kiɗa, Baba ya shiga sahun samari. Bai kai bakin gona ba ya saki fartanya, ya dafe ƙirji, ya durƙusa, gumi na zuba. Na taɓa wuyansa. Zuciyar na gudu, kamar yadda na so.

A asibiti likitan gaske ya ce, "Ita ma zuciya jini take sha, kuma ba ta samu sosai sai a ɗan sakin da take yi tsakanin bugu da bugu. Hanyoyin jinin zuciyarsa sun matse. Maganin rage mata gudu yake, don ta samu lokacin sha. Da aka yanke shi farat ɗaya sai ta zabura. Wa ya ce ya daina?"

Daga kan gado Baba ya ce da ƙyar, "Ni ne. Taurin kaina ne."

Ya rayu shekaru bayan nan, amma bai sake riƙe fartanya ba. Har Inna ta rasu taurin kansa take zargi, bai taɓa gyara mata ba.

Na roƙi mutanen gari su daina kirana da sunan nan, kowa ya daina banda Baba. Kullum da safe sai ya miƙo min tafin hannu ya ce, "Likita, kawo ƙwayar."