Kadan da Ya Cinye Yatsan Kawu Tara

Ranar sadakar uku na ji wani yana cewa wai Kawu Tara mutum ne mai sanyin hali. Sanyin hali? Jama'a, ku ji tsoron Allah! Duk wanda ya taɓa kai tarakta garejinsa a Rigasa ya san gaisuwar Kawu. Kana miƙa hannu wajen tiyon mai zai sauke maka sifana a bayan hannu, ƙwas! Sannan ya amsa sallamarka. Ni Sabitu, ɗan ƙanwarsa, mai tuƙa taraktar gidanmu, ni na fi kowa shan ta.

Sunansa Ɗanlami, amma yatsunsa tara ne, shi ya jawo laƙabin. In ka tambaye shi ina na goman, sai ya ce, "Kada ya cinye."

"Kawu, kai da ko kwata ba ka son tsallakawa, me ya kai ka kogin Kaduna?"

"Shi ya biyo ni har gareji. Miƙo min sifana."

Ga maƙo kuma. Kun san 'yar robar nan mai kamar zobe da ake sawa a bakin tiyo don ta tare mai? Kawu bai taɓa jefar da ko ɗaya ba. Wadda ta mutu ma zura ta yake a zare ya rataye, wai ta yi wa Musulmi aiki. Wata Juma'a ya zari zaren nan a maimakon carbi. Yana sahun gaba yana ja hankali kwance, yana goga maiƙo a farar rigar Alhaji Mudi mai hatsi.

Alhaji ya ce, "Malam Ɗanlami, wannan wane irin carbi ne?"

"Irin mai tare yoyo. Kai ma nemi ɗaya, ladanka zubewa yake ta gindin mudu."

To wa aka tura ba da haƙuri? Ni!

Amma wadda har yau take ci min rai ita ce ta gonar surukina, Baba Audu. Damina ta sauka, kowa ya yi shuka, saura shi, ni kuwa na cika baki na ce zan huɗe masa. Ina tsakiyar aiki garma ta ƙi ɗagawa, mai na tsiyaya ta ƙarƙashi, ga hadari ya haɗo. Na kira Kawu. Ya iso a kan tsohon babur ɗinsa kamar wanda ya zo yawon sallah.

Na ce, "Kawu, noti ne kawai, a ƙara ɗaure shi."

"Noti akuya ne da za ka yi ta ɗaurewa?"

Ya wuce ya kama gaisawa da Baba Audu, har da tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya. Na ƙosa. Injin na aiki, na durƙusa na kai hannu in shafa tiyon in ji inda yake yoyo. Ƙwas! A gaban surukina! A gaban ƙannen matata da suka kawo abinci! Ni, magidanci da gemuna! Baba Audu don kara ya juya yana kallon hadari.

"Haba Kawu, a gaban Baba?"

"A gaban likita ka fi so?"

Ya yago kwali, ya riƙe shi ta gefe, ya bi tiyon da shi a hankali. Dab da noti sai ga wani siririn mai kamar allura, ido ba ya ko ganin sa, ya huda kwalin ya fita ta baya. Kawu ya ɗaga min kwalin, ya jera shi da dungulmin yatsansa.

"Gaishe shi. Kadan ke nan. A cikin tiyo yake kwana."

Ya sa na sauke garma ƙasa, na kashe injin, na motsa libar ɗaga garma har ƙarfin man ya fita, sannan ya canja tiyon. Sabuwar roba kuwa daga cikin hularsa ya zaro ta. Ashe yana da sababbi, mutumin nan! Muka gama huɗa kafin ruwa ya sauko.

Hannuna ya kumbura suntum, cin tuwo ma da cokali. Haƙuri? Bai ba ni ba har ya koma ga Allah. Da na kai ƙara wajen mahaifiyata, abin da ya aiko mata shi ne, "Kumburi yana sacewa, yatsa ba ya tsirowa."

Don haka kada wanda ya sake ce min mai sanyin hali ne, har yanzu ina jin haushinsa. Sai dai jiya bayan la'asar na ɗaga hannu zan yi addu'a, idona ya faɗa kan yatsuna, na shiga ƙirga su.

Ya Allah, ga su nan duka goma, don shi na ɗaga Maka su. Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka mayar masa da nasa a Aljanna. Amin.