Japancin Yaya Bawa

Duk wanda ya sayi nama a kasuwar Mafara cikin shekarun nan ya san Yaya Bawa da wayar da ke maƙale a kunnensa. Hannu na sara, baki na maimaita wasu kalmomi da ba na Hausa ba, ba na Larabci ba. Baƙo ya ɗauka wuridi yake. Mu da muka sani sai mu ce, "Japanci ne, ka yi haƙuri, yanzu zai auna maka."

Ni ƙanensa ne, kuma wallahi ni na fi kowa shan wahalar wannan karatu.

Asalin abin, ɗansa Sani ne ya tafi Japan sayen kayan mota, ya zauna, ya yi aure, aka haifi yarinya aka sa mata Hana. Da aka gaya wa Yaya sunan ya ce, "Mi ta hana?" Da ta fara magana sai ta riƙa zuba Japanci a wayar bidiyo tana nuna shi tana dariya, Sani kuwa ya ce, "Baba, gaishe ka take." Yaya ya ce, "Ƙarya kake! Wagga dariya ta tsiya ce. Jikata na yi min tsiya, kai kana rufewa don kunya." Gaskiyarsa kuwa. Wasan kaka da jika ba ya bi ta bakin uba. Nan ya ce sai ya ji ta da kunnensa ya rama, kuma sai ya ci jarrabawar harshen don Sani ya daina cewa ya tsufa.

Ranar da littafin farko ya iso ya zo zaurena yana haki. "Malam, duba! Daga dama suke buɗe wanga. Mutanen kirki ne!" Ya ajiye shi gefe, ya ce in ɗauko alƙalami da tawada. Shi zai saurari darasi a waya ya faɗa, ni in rubuta da ajami. Na ce, "Yaya, nasu baƙaƙen fa?" Ya ce, "Wanga tonon kaji? Bari sai na ƙoshi da magana." Haka muka yi ta yi bayan la'asar, damina da rani, har yatsuna suka ƙage.

Kullum da sabon abin da ya gano. Wai "nama" a wurinsu ɗanye ke nan. Ya buga teburi ya ce, "Ka gani? Mahautanmu ne suka ɓata hanya!" Na ce, "To 'kusa' da ka ce ciyawa ce fa?" Ya ce, "Ai ciyawa kusa take."

Wadda ta kusa jawo mana duka ita ce ta Maradun. Na raka shi sayen bijimi, aka gama ciniki da dillalai lafiya, har da addu'a. Muna juyawa ya ɗaga musu hannu ya ce da ƙarfi, "Mata ne!" Kai! Wani dogo ya miƙe da sandarsa. "Su wa ke mata, Bawa?" Ni na shiga tsakani ina rantsuwa cewa a Japan haka ake cewa sai an jima. Dogon ya ce, "To ya tahi Japan ya hwaɗa." A mota Yaya ya ce min, "Jahilci ke damunsu."

Da lokacin jarrabawa ya yi, ya yi tafiyar yini guda zuwa birnin da ake yin ta, ya zauna cikin 'yan makaranta da farin gemunsa. Aka raba takardu. Ya juya gaba, ya juya baya, babu baƙi ɗaya da ya sani. Ya ɗaga hannu ya ce wa mai tsaro, "Ɗana, babu ta ajami?" Da ya dawo ya zube a tabarmata ya ce, "Malam, ba wanda ya ce in buɗe baki. Fensir suka ba ni, wai in cike rami." Na ce, "Ba komai, sai ka sake." Ya zabura. "A'uzu billahi! Sake giya ce a can. Kana malami!"

Ya saken dai. Ya sayi tabarau, ya zauna da tonon kajin da ya raina, baƙi bayan baƙi, kamar yaro a kan allo. Karo na biyu ma bai ci ba, amma ya ce wannan karon ya san abin da ya kayar da shi. Yana shirin na uku ciwo ya kwantar da shi.

Ina gefen gadonsa wata Juma'a Sani ya kira, ya miƙa wa yarinyar wayar. Ta leƙa fuskarsa, ta faɗi wani abu ta tuntsire. Sani ya fara, "Baba, cewa take Allah ya ba ka…" Yaya ya ɗaga hannu. "Yi shiru. Cewa ta yi haƙorana jajaye ne, wai jini na sha." Sai ya tattara ɗan ƙarfinsa ya mayar mata da Japanci, a hankali, kalma ɗaya ɗaya. Yarinya ta yi ihu, ta rufe bakinta da hannu biyu, ta ruga tana kiran uwarta. Na ce, "Yaya, me ka ce mata?" Ya ce, "Na ce gara ni, ita ko na gaba ba ta da su. Na fasa auren." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin gemunsa.

Bai kai jarrabawar ba. Allah ya jiƙan Yaya Bawa, ya sa ya huta, ya sauƙaƙa masa tambayar kabari. Ya raya Hana, ya sa wata rana ta tako Mafara ta yi wa kakanta addu'a da kowane harshe ta ga dama.