Sunan Nevena a Ƙofa Biyu

Da hantsin wata Lahadi muryar Stoil ta ratso bangon da ya raba ɗakina da nasu. Shekara huɗu ina haya a gefensu, ban taɓa jin ya ɗaga wa matarsa murya ba.

"Ki soke sunan yarinyar nan, Velichka. Wadda aka binne ba ta cin jarrabawa."

"Ji mai kiwon awaki zai koya mini rajista," in ji ta, muryarta a kwance. "In na soke ta saura tara, tsoho. Ka san abin da tara take nufi."

Kowa a ƙauyenmu na Bulgeriya ya sani. Makarantar da ɗalibanta suka gaza goma rufe ta ake yi, a riƙa kwasar yaran a bas zuwa gari.

Malama Velichka ta shekara talatin da takwas a makarantar nan, ita ta koya mini karatu kafin in zama ma'aikaciyar gidan waya. A zamaninmu mun haura arba'in. Daga baya mutane suka fara tafiya ƙasar Sifen tsinkar lemo, suna ɗauke da 'ya'yansu. Babu wanda ya karɓi takardar canjin makaranta, kowa cewa yake baɗi zai dawo. Ita kuma ta riƙe su a kan maganarsu. Yara huɗu ke zuwa aji, rajista na cewa goma, kuma duk shekara tana ciyar da shidan nan gaba.

A watan Mayu gwamnati ke yi wa 'yan aji huɗu jarrabawar karatu da lissafi. Bana sunaye uku ne a ajin, yaro ɗaya ya zauna. Mai sa idon da aka turo tsohon abokin aikin Malama ne, a tsakar gida ya wuni yana shan kofi. Sauran takardu biyun ita ta cike su. Ba ta rubuta amsa tsaf. Tsofaffin littattafan yaran suna cikin kabad ɗinta, kowa tana ba shi irin kuskurensa. Ɗaya daga cikin biyun, Nevena, bahaguwa ce, saboda haka da hagu Malama take rubuta tata. Na ga tawada a gefen hannun ranar da ta zo aika wasiƙa. Tun tana aji ɗaya Nevena ta tafi. Shekara uku Malama tana rainon rubutun yarinyar, yana gyaruwa kaɗan-kaɗan.

Ƙarshen Yuni aka liƙa sakamako a ƙofar makaranta. Nevena ce ta ɗaya a lissafi a duk gundumar.

A makon ne kuma iyayenta suka iso, suka liƙa takardar rasuwa a ƙofar kakarta kamar yadda muke yi, mai baƙin gefe da hoto. Zazzaɓi ya ɗauke ta a can tun tara ga Afrilu, mako shida kafin jarrabawa. Sun ɓoye ne saboda ciwon zuciyar tsohuwar. Tsakanin ƙofofin biyu bai fi taku arba'in ba. Tsofaffin mata sukan karanta wannan, su karanta waccan, su yi alamar gicciye su wuce. Ba wadda ta tona asirin, don jikokinsu huɗu ne za su hau bas in aka rufe makarantar.

Ni na ɗauka kujerar aikinta Malama take karewa. Haka na yi ta ɗauka har ranar da na kai mata wasiƙa daga ofishin ilimi. Ana cikin dogon hutu, amma na tarar da ita a aji, kujeru goma a jere, ba kowa a kansu. Tana kiran suna. Bayan kowane suna takan dakata daidai tsawon amsar yaro, sannan ta sa alama. Da ta zo kan Nevena ta daɗe tana jira, kanta a karkace. Sai ta ɗan yi murmushi, ta sa alamar.

Wasiƙar cewa ta yi jami'i zai zo da kansa ya miƙa wa Nevena takardar yabo. Na ce, "Malama, har yanzu kina iya rubuta musu cewa kuskure aka yi."

Ta dube ni ta saman tabarau, yadda take yi mini ina ƙarama. Ta ce babu kuskure, duk amsoshin daidai suke.

Jami'in ya zo ranar Talata. Hanyar tashar bas ta gaban gidan kakar ta bi. An ce ya tsaya a ƙofar ya fi minti biyar, takardar yabon a hannunsa. Bai kai ƙarar kowa ba. Ya ƙirga yaran da idonsa, aka ba Malama shawarar yin ritaya, aka ce ba za a buɗe makarantar a Satumba ba.

Ni da Stoil muka taya ta kwashe taswirori da littattafai. Kujerun ta hana a taɓa. Da muka fito ta miƙo mini makulli. Na jawo ƙofar, takardar sakamakon tana nan liƙe, rana ta koɗar da ita. Sai ta dafa wuyan hannuna da hannunta na hagu.

"Dakata tukuna, 'yata," in ji ta. "Nevena kullum ita ce ƙarshen fitowa."